Zaɓen Hoton Tauraron Ɗan Adam Don Taswirar Tudu da Kwari

A aikin zana taswira daga hoton tauraron ɗan adam na koyi cewa ba da hoto ake farawa ba, da ma'aunin taswirar ake farawa. In taswirar 1:50,000 ce, milimita ɗaya a takarda mita 50 ce a ƙasa. Hotunan tauraron Sentinel-2 na Turai, da kowane ɗigo nasu ke ɗauke da mita 10, sun isa su nuna koguna, gonaki da manyan hanyoyi, kuma kyauta ake sauke su. Na Landsat na Amurka mita 30 ne, sun fi dacewa da yanki mai faɗi. Amma da zarar an ce 1:5,000, inda kowane gini sai ya fito, sai a nemi irin su Pléiades mai santimita 50 ko WorldView-3 mai kusan 30, su kuwa saye ake yi.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne batun tsayi. Hoto guda, komai tsabtarsa, ba ya faɗa maka ko dutse ya kai mita ɗari. Sai an ɗauki wuri ɗaya daga kusurwa biyu, kamar yadda idanuwanmu biyu ke gane zurfi, sannan kwamfuta ta fitar da layukan tsayi. Wasu kan dogara da bayanan tsayin ƙasa da ake kira SRTM, waɗanda kumbon Endeavour ya tattara da rada a watan Fabrairun 2000. Suna da amfani, sai dai ƙasa ta sauya tun lokacin: an haƙa ma'adinai, an gina madatsun ruwa. Ga kuma wani abu, abin da ake gani daga sama kan bishiya ne da rufin gida, ba ƙasar kanta ba. A daji mai duhu, sai ka zana tudu inda babu tudu.

Gajimare ma kan ɓata hoto mai tsada, shi ya sa nake duba ranar da aka ɗauka tun kafin in duba kyawunsa. Rada irin ta Sentinel-1 tana ratsa gajimare, amma karanta hotonta sai wanda ya saba.

Duk da haka ban taɓa miƙa taswira ba sai safiyo ya je ya auna wasu wurare da GPS, mahaɗar hanya ko kusurwar gada, an daidaita hoton da su. In ba haka ba, hoton santimita 30 ma yana iya gocewa da mitoci daga inda abin yake.