Wasiƙa Daga Lund: Abin Da Masu Bincike Suke Dogara Da Shi A Suwidin

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida, da fatan kowa yana lafiya tare da iyali. Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a saƙonninku, musamman daga ƙannena ɗalibai masu neman ƙaro karatu, wato wane irin bincike ne ake yi a jami'o'in nan wanda ya gagara a gida, kuma ko na'urori ne suka raba mu da su. Na ga ya fi sauƙi in amsa wa kowa a wuri guda, in taɓo fannin lafiyar iyali wanda shi ne nawa, da na fiziks, da kuma manufar samar da makamashi daga itace da shara, domin duka ukun suna da masu yin su a wannan gari na Lund da maƙwabciyarsa Malmo, a kudancin ƙasar Suwidin.

Na'urori akwai su, amma abin da ya fi ɗaure mini kai lamba ce. Tun shekarar 1947 kowane mazaunin ƙasar nan yake da lambar shaida tasa shi kaɗai, wadda take farawa da ranar haihuwarsa, kuma hukumar haraji ce take bayar da ita a yanzu, bayan majami'u sun riƙe rajistar jama'a har zuwa 1991. Kafin baƙo ya samu tasa, zai ga ta kansa: buɗe asusun banki ya zama wahala, sayen kaya ta intanet ya zama wahala, kai, wani kantin ma ba zai sa ka cikin masu samun rangwame ba sai ka karanto ta. Na yi zaman jiran tawa cikin duhun hunturu, lokacin da rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ina ta mita a zuciyata. Sai da na fara aiki na gane amfaninta. Da lambar nan ake rubuta mutum a rajistar masu cutar daji da aka buɗe a 1958, da ta haihuwa ta 1973, da ta kwanciya asibiti wadda ta game ƙasar a 1987, da ta magungunan da likita ya rubuta aka karɓa, wadda ta soma a 2005. Saboda haka mai bincike yana iya bin sawun miliyoyin mutane tsawon shekaru ba tare da ya tsayar da ko mutum ɗaya ya yi masa tambaya ba.

Ga abin da hakan ya haifar. A 2020 masu bincike na cibiyar Karolinska, jami'ar koyon likitanci ta ƙasar nan, suka wallafa sakamakon bin diddigin 'yan mata da mata kusan miliyan 1.7 daga 2006 zuwa 2017, inda suka haɗa rajistar rigakafi da ta cutar daji. Sun gano cewa waɗanda aka yi wa allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da take haddasa sankarar bakin mahaifa, kafin su cika shekara 17, haɗarin kamuwarsu da sankarar bakin mahaifa ya ragu da kusan kashi 88 cikin ɗari. Wannan allura ce Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, kuma duk wanda aka tambaye shi hujja a unguwarsu, to, ga ɗaya daga cikin mafi ƙarfi.

Kada wani ya ɗauka ana buɗe wa mai bincike bayanan nan kamar ƙofar zaure. Sai ka fara neman izinin hukumar da take duba ɗa'ar bincike, ka bayyana tambayarka, da dalilin da ya sa kake buƙatar kowane bayani, da inda za ka ajiye shi, da wanda zai iya gani, ka kuma biya kuɗi. Idan ka samu wannan, sai ka sake rubuta wata takardar zuwa ga masu riƙe da rajistar, su ma su yi nasu nazarin, su mayar maka da tambayoyi, ka amsa, ka shiga layi. Watanni suna wucewa haka. Ranar da bayanan suka iso kuwa, an cire suna da lambar kowa an maye su da wata lambar da ba ta nuna kowa, kuma idan daga baya ka tuna kana son ƙarin bayani guda, sai ka koma ka nemi gyaran izini. Na ga ɗalibin digirin digirgir da ya cinye babban ɓangare na lokacinsa yana jira. Abin yana ba ni haushi har yau, sai dai na lura cewa wannan tsantseni ne ya sa jama'a ba su tayar da hankali a kan rubuta ciwonsu da ake yi.

Rajistocin nan ma suna da giɓinsu, kuma a fannina yake. Zuwan mutum ƙaramin asibitin unguwa wajen likitan iyali ba ya shiga rajistar marasa lafiya ta ƙasa, don haka sai an bi yankunan ƙasar 21 ana tattarowa, ko kuma a shirya gwaji na musamman. Ɗaya daga irin gwajin nan an wallafa shi a 2019: a ƙananan asibitoci 17 aka raba masu ciwon maƙogwaro da ƙwayar bakteriya ta haddasa gida biyu, wasu suka sha fenisilin sau huɗu a rana na kwana biyar, wasu sau uku a rana na kwana goma, aka tarar warkewar ba ta bambanta sosai ba. Tambaya ce ƙarama, ba ta buƙaci wata na'ura mai tsada ba, amma ta shafi abin da likita yake rubutawa kullum. Ba na kawo wannan don wani ya rage wa kansa magani ba. A nan ba a sayar da irin maganin sai da takardar likita, ba kamar yadda ake ƙirga wa mutum kafso biyu a kemis ba. Na kawo shi ne don ƙannena da suke aiki a asibitocin ƙauye su ga cewa littafin rajistar da yake gabansu, idan ana cika shi daidai, da shekaru da nauyi da maganin da aka bayar, kuma ba a buɗe wa mutum sabon kati duk zuwansa saboda tsohon fayil ya ɓata, ya isa a gina bincike a kansa.

Batun makamashi kuwa sanyi ne ya koya mini shi. Ɗumin ɗakina daga ruwan zafi yake zuwa ta bututun da suka ratsa ƙarƙashin gari, kuma a mafi yawan biranen ƙasar ana dafa ruwan ne da rassan itace da ɓawo da dusar katako da shara. Ragowar abinci ana ware shi a jakar takarda, a mayar da shi iskar gas da motocin haya suke aiki da ita. Abin da ya tura su wannan hanya shi ne harajin hayaƙin kabon da aka sa a 1991, krona 250 (kuɗin ƙasar nan) a kan kowace tan ta hayaƙin, wanda ya yi ta hawa har ya haura krona 1,000, aka kuma keɓe makamashin itace daga biyansa. Masana ba su daina gardama ba: wasu suna cewa dajin da ake sake dasawa zai shanye hayaƙin itacen da ake ƙonawa, wasu suna cewa itacen arewa yana ɗaukar shekaru da dama kafin ya girma, kuma duniya ba ta da wannan lokaci. A farkon 2024 gwamnati ta sassauta dokar gauraya man tsirrai da dizal, ta sauke ragin hayaƙin da aka wajabta daga kashi 30.5 zuwa 6 cikin ɗari don farashi ya sauka. Farashin ya sauka, hayaƙin ƙasar kuma ya ƙaru a shekarar. Nijeriya ma ta rubuta manufar man tsirrai tun 2007, wadda ta tanadi gauraya kashi 10 na itanol a fetur, kuma ku da kuke gida kun fi ni sanin abin da kuke sha a gidan mai.

Fiziks ne na yi wa alkawari ban cika ba. A 2023 Anne L'Huillier, farfesa a jami'ar garin nan, ta raba kyautar Nobel da Pierre Agostini da Ferenc Krausz saboda samar da walƙiyar haske mai gajarta ƙwarai, wadda da ita ake nazarin motsin lantarki a cikin ƙwayar zarra. Tana tsakiyar darasi aka kira ta, ta amsa, ta koma ta ƙarasa wa ɗalibanta. A gefen gari kuma akwai cibiyar MAX IV, inda ake nazarin abubuwa da haske mai ƙarfi, da aka buɗe a 2016, wadda zafin da injinanta suke fitarwa ake tura shi ya ɗumama gidajen sabuwar unguwar da take kusa da ita. Sauran bayanin, da amsar masu tambayar yadda ake neman gurbin digirin digirgir, wanda a nan aiki ne mai albashi da ake tallatawa kamar kowane aiki, sai a wasiƙa ta gaba in Allah ya yarda.

Ku gaida mutanen gida. Wassalam.