Kafin ka kira mai baro ya kwashe tsofaffin jaridun laburare

Asabar ɗin da ta wuce na biya ta makarantar da aka tura ɗan ƙanwata aiki, can wajen Ƙofar Ƙaura, zan kai masa saƙon mahaifiyarsa. Watansa huɗu ke nan da karɓar makullin laburare. Na tarar da shi a baranda ya naɗe hannun riga, ga kwalaye an jera, ga yaro mai baro yana jira. Na buɗe kwali ɗaya, sai ga tsofaffin jaridu ɗaure da igiya, a ƙarƙashinsu kuma mujallar da ɗaliban makarantar suka riƙa fitarwa tun zamanin tafireta. Na ce ina za a kai su? Ya ce, "Kawu, tarkace ne, gara kawai suke tara mana. An yi mana alkawarin kwamfutoci, wuri nake gyarawa. Ai duk abin da ke ciki yana intanet."

Gabana ya faɗi, domin da bakina na taɓa furta wannan magana, a wata baranda irin wannan, nan cikin Katsina.

Lokacin ana shirin mayar da jarrabawar JAMB ta kwamfuta zalla, abin da ya tabbata a 2015. Yaranmu da yawa ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Sai wata ƙungiya ta ba makarantarmu kyautar kwamfutoci da sola da intanet na shekara guda, bisa sharaɗin a samar da ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Ɗaki ɗaya ke da irin wannan ƙofa, shi ne laburaren da nake riƙe da shi. Shugaban makaranta ya ce in fitar da abin da ba a amfani da shi kafin baƙin su iso. Bai ce in sayar ba, bai ce in ƙona ba. Wannan ni na yanke da kaina.

A bayan ɗakin akwai kantoci biyu da na gada daga dattijon da ya riƙe wurin kafin ni. Mutum ne da ba ya yar da takarda. Ya tara Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shekaru masu yawa, ya ɗinke ta da zare wata-wata, ya yi mata bango da kwali. Jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda editanta na farko, Abubakar Imam, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, a garin nan kuma ya fara koyarwa. Har fitowar makonnin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 tana ciki, na gani da idona, na juya shafukan, na mayar cikin buhu. Mai tsire da masu ƙosai na bakin makaranta suka saye a kan abin da bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. Kuɗin ma ban ci ba, tsintsiya da labule na saya wa ɗakin.

Jaridar ba ita ta fi ci mini rai ba, don na san akwai manyan ɗakunan adana tarihi da ke da ita. Akwai wasu littattafan rubutu, sun fi ɗari. Wani malamin tarihi da ya yi zamani a makarantar kan tura 'yan aji biyar gida lokacin hutu, kowa ya zauna da tsohon unguwarsu ya rubuto abin da ya ji: yadda marina take kafin a cike rijiyoyinta, wa ke rufe ƙofar gari da magariba lokacin ganuwa tana tsaye, abin da kakanni ke faɗi a kan hasumiyar Gobarau da Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, waƙoƙin daɓe da na niƙa. Rubutun yara ne, da kurakurai, wasu ruwa ya taɓa su. Masu ƙosai ba su so su ba saboda tawada. Na tara su a bayan aji na cinna musu ashana.

Ina yawan gaya wa kaina cewa ba ni da zaɓi, kuma har yau ban ce ƙarya nake ba. Rufin yana yoyo duk damina. Gara ta riga ta ci kantar ƙasa. Shekara shida ina wurin, ko mutum ɗaya bai taɓa neman littattafan nan ba. Ba a ware wa laburare ko sisi, maganin gara ma daga aljihuna yake fita. Kuma yaran da suka koyi kwamfuta a ɗakin nan sun shiga jarrabawa ba tare da hannunsu na rawa ba, wasunsu yanzu ma'aikata ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ba zan yarda a ce mini banza ba ne. Amma akwai sito a makarantar. Akwai ɗakin ƙofar gidana. Kwali huɗu ne kacal. Gaskiyar ita ce ina ɗokin a gan ni a matsayin ma'aikacin laburare na zamani, tsofaffin takardu kuma suna ba ni kunya a gaban baƙi.

Shekara ta cika, intanet ya yanke, ba mai biya. Baturan sola suka bi baya. Kafin shekara uku, kwamfutocin da ke tashi ba su wuce a ƙirga da hannu ɗaya ba, sauran an lulluɓe su da zani saboda ƙurar hunturu. Ana nan sai ga wani tsohon ɗalibinmu, yana rubutun kammala digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, littafin da na rubuta hirata da kakana nake nema, na marina. Allah ya yi masa rasuwa, ba wanda ya san abin nan sai shi." Na ce ya dawo jibi in duba. Na san babu. Jibin ya dawo, na gaya masa gaskiya. Bai ce komai ba sai "Allah ya sa haka ya fi alheri," ya sa takalminsa ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Akwai kuskure na biyu, shi ma sai na faɗa. Da jaridar takarda ta daina zuwa, sai na koma ciro labarai daga waya ina bugawa ina mannawa a allon sanarwa. Wata rana na ga sanarwar tallafin karatu a Facebook, da tambari da komai, na manna ba tare da na bincika ba. Yara sun ga hatimin laburare a jiki, suka gaskata, wasu iyaye suka tura kuɗin fom. Damfara ce. Na biya mutum biyu daga albashina, sauran suka ce sun yafe.

A hanyar gida na tsara shawarwari sun kai goma da zan ba yaron nan da ire-irensa. Da na zauna rubutawa sai na ga yawancinsu surutu ne.

Abin da aka haifa a cikin makarantarku, kada ya fita. Mujallar ɗalibai, hotuna, rajistar shekarun baya, rubutun yara, takardun gasar muhawara. Littafin kimiyya in ya lalace za a sayi wani. Waɗannan kuwa babu su a intanet, ba kuma za su shiga ba sai in kai ka sa su. Wayar da ke hannunka ta isa: ɗauki hoton kowane shafi, ka ajiye a wuri biyu, ka bar takardar a inda take. Ban ce komai za a ajiye ba. Kwalin da gara ta shiga ta yi gida, fitar da shi yau, in ba haka ba ta gama da sauran. Na san yanzu na ce kada a ƙona, ga shi ina cewa a fitar. To, aikin ke nan, sai ka zauna ka duba ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan zaman ne ku yaran yanzu ba ku iyawa. Ina yi masa bayani yana latsa waya. Mutum ya yi digiri a kan aikin laburare amma ba zai iya karanta shafi biyu ba tare da ya leƙa TikTok ba, ta yaya zai sa ɗan aji ɗaya ya so karatu?

Sannan duk abin da ka samu a intanet mai amfani, sauke shi ka riƙe a hannu, kada ka dogara da cewa gobe akwai sabis. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-ma da Jibiya, aka yi watanni a haka. Wanda laburarensa ke cikin data, a ranar ya zama ba shi da komai. Akwai Kiwix, manhajar da ke ba ka damar ɗora Wikipedia a kwamfuta a karanta ba tare da intanet ba. Akwai Kolibri, ita ma don makarantun da ba su da sabis aka yi ta. African Storybook na da ƙananan littattafan yara da Hausa, kyauta, ana iya saukewa a buga a takarda. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022. Da na san irin waɗannan a shekarar da muke da intanet kyauta, da na cika kwamfutocin nan kafin a yanke. A kallon bidiyo muka ƙarar da ita.

Labari kuma, kada hatiminka ya hau kan abin da ba ka bi sawunsa ba. In sanarwar JAMB ce ko ta tallafin karatu, je shafin hukumar da kanta. In labarin duniya ne, duba ko Sashen Hausa na BBC, wanda ke aiki tun 1957, ko DW ko RFI ko Aminiya sun kawo shi. Akwai kuma shafin Dubawa, su aikinsu ke nan, tantance labaran da ke yawo. Ka rubuta inda ka samo da kwanan wata a ƙasan duk abin da ka manna. Ni dai da za a bi ta tawa, da na ce ka rabu da Facebook gaba ɗaya a harkar aiki. Sai dai kuma a can ne da WhatsApp 'yan'uwanka ma'aikatan laburare ke sanar da juna bita da taro, har da na Ƙungiyar Laburare ta Najeriya da aka kafa tun 1962. Shiga, amma da idonka a buɗe.

Ranar dai ni na sallami mai baro da kuɗina. Yaron bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, ya ce shugabansu zai yi faɗa in baƙi suka tarar da kwalaye. Muka mayar da uku ciki, waɗanda ke da mujallar ɗalibai, muka ɗora su a kan bulo don kada su taɓa ƙasa. Sauran suna sito, ya ce mako biyu kawai zai iya riƙe su. Na ce ya sayi maganin gara ya caja wayarsa, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan zo da tabarauna mu fara da kwalin da ya fi tsufa.