Haɗa ƙamshin Turai da na Larabawa a zafin Damagaram

Haɗa humra da turaren wuta gado ne a gidanmu da ke unguwar Birni, amma zuba ƙamshin Turai da na Larabawa cikin kwalba guda aiki ne da na fara saboda matan da suke zuwa suna neman turaren da bai kai humra nauyi ba, kuma ba ya gushewa da wuri kamar na kanti. Manyan kamfanoni sun daɗe da bin wannan hanya. Amouage, wanda aka kafa a Oman a 1983, Bafaranshe mai suna Guy Robert ne ya haɗa masa turarensa na farko, sannan a 2002 Yves Saint Laurent ya fitar da M7, turaren da ya taimaka wajen buɗe wa aud, itacen ƙamshin da Larabawa suke ji da shi, ƙofar kasuwar Turai.

Turawa suna narkar da man ƙamshi cikin alkol, su tsara shi hawa uku: na sama mai saurin tashi irin su lemun bergamot na Kalabiriya a Italiya, na tsakiya wanda yawanci fure ne, da na ƙasa mai daɗewa. Larabawa kuwa sun fi son mai zalla da ake shafawa, mai aud da almiski da sandal, wanda yake lafewa a jiki har wayewar gari.

Abin da aikin ya koya mini shi ne, ma'aunin da aka tsara domin sanyin Faransa ba ya aiki a nan. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, bergamot yana tashi kafin mace ta gama ɗaura ɗankwali, aud kuma ya ƙara ƙarfi har ya danne komai. Saboda haka nake rage aud ƙwarai, in ƙara wardi a tsakiya, domin shi ne furen da ɓangarorin biyu suka sani, ana noma shi a Giras ta Faransa, ana kuma noma shi a Ɗa'ifa ta Saudiyya, kuma yana sassauta kaifin aud ba tare da ya kashe shi ba. Ɗan farcen turare (murfin dodon-koɗin teku) da aka wanke aka soya, irin wanda iyayenmu suke sa wa humra, yana riƙe haɗin fiye da yadda mutum zai zata. Bayan haka sai haƙuri: kwalbar takan yi kamar wata guda a wuri mai duhu kusa da randa kafin warin alkol ya kwanta. Da hunturu kuma busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi, shi ya sa nake cewa a fara shafa mai marar ƙamshi.

Man aud na asali yana fitowa ne daga itacen da ya kamu da cuta a dazukan Asam ta Indiya ko Kambodiya, kuma kuɗin tola ɗaya (ma'aunin turare, kusan giram 12) ya fi ƙarfin ƙaramar sana'a irin tawa. Wanda nake amfani da shi na haɗin masana'anta ne, kuma ina faɗa wa mai saye haka tun kafin mu yi ciniki. Akwai kuma masu tambaya a kan alkol saboda salla, kuma da yake malamai sun saɓa a kan hukuncinsa, kowane haɗi nakan yi shi iri biyu, na fesawa da na mai, ko da yake a na man, ƙamshin hawan sama ba ya fitowa sarai.