Yadda Nake Tsara wa Ɗalibai Sinawa Haddar Kalmomin Turanci da Bitarsu

Ɗalibin da ya gama sakandare a ƙasar Sin yakan fito da kalmomin Turanci wajen 3,500 a ka, domin da su ake tunkarar gaokao, wato jarrabawar neman gurbi a jami'a. Yana shiga jami'a sai CET-4 ta tare shi, jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a da aka fara tun 1987, ita kuma tana neman kalmomi wajen 4,500. Irin waɗannan ɗalibai nake koyarwa, kuma ba na zarginsu da lalaci ko kaɗan. Wajen juriyar hadda da wuya a sami kamarsu. Matsalar tana wani waje dabam. Ka nuna wa ɗalibi kalmar Turanci, kafin ka rufe baki ya ba ka ma'anarta da Sinanci. Ka juya, ka ba shi jimlar Sinanci ka ce ya faɗe ta da Turanci, sai ka ga kalmar da ya sani ɗazu ta ƙi zuwa. Ganewa dabam, iya fito da kalma dabam, kuma duk tsarin da nake bi a kan wannan giɓi aka gina shi.

Da awo nake farawa. Nakan ɗauki jerin kalmomi da aka tsara bisa yawan amfani, in tsinci 50 daga kowace dubu ba tare da zaɓe ba, in gwada ɗalibi ta fuska biyu: daga Turanci zuwa Sinanci, sannan daga Sinanci zuwa Turanci. Dubun da ya kasa kawo 45 cikin 50 ta fuska ta biyu, nan ne mafarinsa, ko da yana ganin ya wuce wajen. Yawanci ba sa son jin haka, don kowa ya fi son manyan kalmomi.

Littattafan hadda da yawa da suke zuwa da su a jere suke daga A zuwa Z, kuma sananne ne a tsakanin ɗaliban Sin cewa abandon tana cikin kalmomin farko, har kowa ya haddace ta saboda yawan komawa shafin farko. Wannan jeri yana da illa biyu. Yana ba kalmar da ba kasafai ake ji ba matsayi ɗaya da wadda ake amfani da ita kullum, sannan yana tara masu kama da juna wuri guda: adapt da adopt, contact da contract da contrast. Kalmomin da suka yi kama, in aka koye su a zama ɗaya, cakuɗewa suke yi. Nakan raba su da aƙalla mako guda, sai ɗaya ta zauna sannan a kawo 'yar'uwarta. Game da abin da ya kamata a fara da shi, dubu biyun farko mafi yawan amfani, irin jerin da Michael West ya fitar a 1953, su ne gishirin kowane rubutu. Mai shirin karatun jami'a da Turanci sai ya ɗora da jerin Averil Coxhead na shekarar 2000, mai tushen kalmomi 570 da danginsu, waɗanda ke cin kusan kashi 10 cikin ɗari na rubutun ilimi. Masanin koyar da harshe Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa karanta jarida ko labari ba tare da ƙamus ba yana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ina faɗa wa ɗalibai wannan adadi tun farko, don su san CET-4 zango ce a hanya.

Inda na fi ba da ƙarfi shi ne katin kansa. Katin da aka saba yi, kalmar Turanci a gaba, kalmar Sinanci a baya, shi ne tushen yawancin kurakuran da nake gyarawa. Ɗauki kalmar Sinanci kāi. Da ita Basine ke buɗe ƙofa, da ita yake kunna fitila, da ita yake tuƙa mota, da ita ake zaman taro, da ita likita ke rubuta magani. Ɗalibin da ya haddace cewa kāi ita ce open, gobe zai ce open the light, kuma a ganinsa bai yi kuskure ba, don abin da katinsa ya koya masa ke nan. Haka jiè take ɗauke da borrow da lend duka biyu, kusan yadda aro yake a Hausa, sai ginin jimla ya nuna wa ya bayar, wa ya karɓa. Kàn kuwa ta haɗa look da see da watch da read. Chénggōng ita ce succeed, ita ce success, ita ce successful, domin kalmar Sinanci ba ta sauya siffa in ta tashi daga aikatau ta koma suna. Wúliáo tana nufin bored da boring, shi ya sa yaro zai ce I am boring alhali yana nufin gajiya da zaman ya yi.

Saboda haka kowane kati nawa ma'ana ɗaya tak yake ɗauka, kuma a cikin jimla. A gaba akwai gajeriyar jimlar Turanci, kalma shida zuwa goma, an cire kalmar da ake nema an bar gurbinta, a ƙasa kuma ma'anar jimlar da Sinanci. A baya akwai kalmar, da sautinta, da gaɓar da ake dannawa, da abokiyar tafiyarta ɗaya ko biyu. Abokiyar tafiya ita ce kalmar da ta saba zuwa tare da ita. A Sinanci cin magani ake yi, chī yào, a Turanci kuwa take medicine ne, don haka ba na barin medicine ta hau kati ita kaɗai. Suna kuma ba ya hawa sai da alamar ko ana ƙirga shi: a suggestion, amma some advice, some information, a piece of furniture. Sinanci ba shi da kalmomi irin a da the na Turanci, ba ya ƙara wa suna harafin jam'i, to in katin bai nuna ba, ba inda ɗalibi zai gani. Aikatau shi ma da ɗan rakiyarsa yake shiga: depend on, listen to, wait for. Kuma jimlar ta fito daga abin da ɗalibin ya karanta ko ya saurara da kansa. Wadda aka kwafo daga ƙamus ba ta kama zuciya kamar wadda ya ci karo da ita.

Sai sauti. Gaɓar Sinancin Mandarin da wasali take ƙarewa, ko n, ko ng, ban da 'yar r da ake ji a wasu wurare. Shi ya sa baƙin ƙarshe a kalma irin desk ko and yake samun ƙarin wasali, ko ya faɗi gaba ɗaya. Th takan koma s, v ta koma w, ɗaliban lardunan Sichuan da Hunan kuma da yawansu n da l ɗaya suke a kunnensu, har night da light su zama kalma guda. Akwai wata dabara da ta yaɗu, xiéyīn, inda ake rubuta lafazin Turanci da kalmomin Sinanci masu kama da shi: ambulance ta zama ǎn bù néng sǐ, wato ba zan iya mutuwa ba. Tana sa a tuna ma'ana, wannan gaskiya ne, amma tana dasa lafazin da ba wanda zai gane, kuma cire shi daga baya ya fi koyar da sabo wuya. Ina hana ta. Dokar ita ce a saurari kalma kafin a ga rubutunta, a faɗe ta da murya sau biyu, sannan a juya kati.

Bita ita ce ainihin aikin. Duk mahaddacin Alƙur'ani ya san ƙari ba ya amfani in tilawa ta yi rauni, kuma nan ma haka abin yake. Sunan Hermann Ebbinghaus, Bajamushen da ya wallafa bincikensa kan mantuwa a 1885, sananne ne a wajen ɗaliban Sin, har ana buga jadawalin bita da sunansa: bayan minti 5, minti 30, awa 12, sannan kwana 1, 2, 4, 7 da 15. Tazarar da ke ƙaruwa daidai ce. Aibin jadawalin shi ne yana bi da shafi gaba ɗaya, mai sauƙi da mai wuya tare, sai lokaci ya ƙare a kan abin da aka riga aka sani. Akwatin Sebastian Leitner na 1972 ya magance wannan da katin takarda: wanda ka ci ya matsa gida na gaba, wanda ka faɗi ya dawo gidan farko. Manhajar Anki, wadda ta fito a 2006, lissafin nan take yi wa kowane kati. Tun 2023 ta shigo da FSRS, wani tsarin lissafin lokacin bita, wanda wani Basine mai suna Jarrett Ye ya jagoranci ƙirƙirarsa. Nakan bar shi a kan kashi 90 cikin ɗari na tunawa, yadda ya zo. Ɗaga shi zuwa 95 ko sama yana tara aiki fiye da ribar da ake samu.

Adadi ne ke kayar da mutane. Sabbin katuna 20 a rana kan haifar da bitar wajen 200 kullum bayan 'yan makonni. In kowane kati ya ci daƙiƙa 8, kusan rabin awa ke nan, kuma wannan mai ɗorewa ne. Ɗalibin da ya ce zai ɗauki 100 a rana saboda jarrabawa ta matso, cikin wata guda bashin bita zai danne shi ya ajiye komai. Don haka kalma 10 nake ba su, kowace da kati biyu, ɗaya na ganewa ɗaya na fitarwa. Kalma 1,000 cikin kwana 100. Bita kafin sabo, kullum. Wanda ya yi fashin kwanaki, a rufe masa sabbin katuna har ya biya bashin.

Dole kuma bitar ta zama gwaji. A binciken Karpicke da Roediger na 2008, ɗalibai sun koyi kalmomin Swahili 40. Waɗanda aka ci gaba da yi wa tambaya sun tuna kusan kashi 80 bayan mako guda, waɗanda aka daina tambaya suka tsaya wajen kashi 35. Wannan ne ya sa ba na yarda da kwafar kalma sau ashirin a littafi, al'adar da suka ɗauko daga koyon rubutun Sinanci, inda hannu ke buƙatar sanin jerin zane. A Turanci hannu yana tafiya ne hankali yana wani wuri. Haka nake kaffa-kaffa da manhajojin da ke nuna hotuna huɗu a ce zaɓi ɗaya: ɗalibi yakan haddace hoton, ya rasa kalmar in ta zo masa a jarida.

Kalmar da aka kasa tunawa sau 8, Anki da kanta takan sa mata alama. Ba na mayar da ita yadda take. Nakan duba ko tana rikicewa da wata mai kama da ita, ko jimlar ta yi tsawo, ko ma'ana biyu aka cusa a kati ɗaya, in sake gina katin daga tushe. A ƙarshen kowane mako kuma ɗalibi zai zaɓi kalma 10 daga na makon, ya rubuta sakin layi na jimla biyar zuwa takwas da su, ya karanta da murya ya naɗa a waya. Duk kalmar da ta fito a gurguje, ko da abokiyar tafiyar da ba tata ba, sabon kati ake yi mata da jimlar da aka gyara, ta shiga bitar washegari.