Shigar da yaro aji daban, koyar da shi daban

A rajistar makaranta duk yara ɗaya suke: suna, lamba, ya zo ko bai zo ba. Aikin koyarwa ne ya nuna mini cewa yaro kan zo kullum, a yi ta yi masa alamar halarta zango bayan zango, alhali darasin bai taɓa isa gare shi ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai duk lokacin da ake maganar haɗa yara masu buƙata ta musamman da sauran yara a aji guda.

Manufar ta daɗe a kan takarda. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifaniya, ƙarƙashin UNESCO, suka amince cewa makarantar da kowa ke zuwa ita ya kamata ta karɓi kowane yaro, kuma ita ce za ta gyara tsarinta domin sa. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hakan a sashe na 24 na yarjejeniyar kare haƙƙin masu nakasa. Ƙiyasin UNICEF na 2021 ya ce yara kusan miliyan 240 ne ke da wata nakasa a duniya, kimanin ɗaya cikin goma. Ko an cire waɗanda ba sa zuwa makaranta, da wuya malami ya bugi ƙirji ya ce ajinsa babu ko ɗaya.

Wanda ke kan keken guragu kowa ya gan shi, kuma an san matsalarsa matakala ce da ƙofar bayi. Waɗanda suka fi shan wahala a hannunmu su ne masu lalurar da ba ta fito fili ba. Akwai yarinyar da ke kanne ido tana kwafa daga littafin ta kusa da ita, don rubutun allo hazo-hazo take ganin sa. Akwai yaron da ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa bayan mura. Jinsa yau ya dawo gobe ya ragu, shi ya sa ake cewa sai ya ga dama yake ji. Akwai kuma wanda in ka tambaye shi da baki ya amsa tiryan-tiryan, amma in ka miƙa masa littafi ya kasa haɗa haruffa. Tun 1896 wani likita a Ingila ya yi rubutu kan wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, gwanin lissafi, wanda karatu ya gagara. Fiye da ƙarni guda ke nan, amma har yanzu sunan irin wannan yaro a bakin malamai da yawa shi ne daƙiƙi ko malalaci. Ga kuma wanda lafiyarsa lau, harshen da ake koyarwa da shi ne kawai ba na gidansu ba.

Shi ya sa ba na yanke wa ɗalibi hukunci sai na duba abu uku: yana gani, yana ji, ya gane harshen? Sauya masa wurin zama na mako guda kan ba da amsar da jarrabawa ba ta bayar ba.

Yawancin gyaran da ya yi mini aiki bai ci ko sisi ba. Ba na magana ina fuskantar allo. Abin da na rubuta, sai na faɗe shi da baki. In ɗalibi ya yi tambaya daga baya, sai na maimaita ta kafin in amsa. Umarni mai gaɓa huɗu, ɗaya bayan ɗaya nake ba da shi. Don yaro ɗaya ko biyu na soma waɗannan, sai ga shi hayaniyar "Malam, me aka ce?" ta ragu a ajin baki ɗaya.

Inda ake gardama shi ne jarrabawa. Ka ƙara wa wani lokaci, ko ka karanta masa tambayar, sai a ce an yi masa alfarma. Ni tambayata ita ce, me ake aunawa? In darasin kimiyya ne, sanin kimiyya ake nema, saurin rubutu bai shiga ciki ba. Ba wanda ke cewa mai tabarau ya yi maguɗi don ya shiga jarrabawa da tabarunsa. Amma in karatun ne kansa ake aunawa, to karanta masa ya ɓata ma'aunin, kuma a nan ina tare da masu ƙorafi.

Ba na cikin masu ganin cewa da an haɗa yara shi ke nan an gama. Kurma shi kaɗai a cikin masu ji, babu mai maganar hannu ko ɗaya, ya fi kowa kaɗaici a makarantar. Karanta leɓe ba ya wadatarwa, don sautuka da yawa, irin su b da m, kusan kama ɗaya suke a baki. A 1880 wani taron masu koyar da kurame a Milan ta Italiya ya fifita koyarwa da baki a kan maganar hannu, aka yi shekaru da dama ana hana yara amfani da hannuwansu, kuma sai a 2010, a Kanada, taron ya janye wannan matsaya a hukumance. Masu waccan shawara ma da sunan taimako suka yi ta. Sashe na 24 ɗin da ake yawan kafa hujja da shi ya ambaci maganar hannu da rubutun makafi ƙarara. Rubutun nan mai ɗigo shida, wanda Louis Braille ya wallafa a 1829, yana nan, sai dai makahon da littafinsa ya iso bayan an wuce babin, zaman sauraro kawai ya yi.

Tausayi ma yana da tasa ɓarnar. "A ƙyale shi, ai lalura ce" magana ce mai daɗin ji, amma ƙarshenta yaro ya gama shekara ba a taɓa tambayar sa komai ba. Haka haɗa shi da abokin da zai taimaka masa: in ba ka sa ido ba, abokin ne zai riƙa yin aikin, shi kuma ya koyi jira. Nakan sauya masu taimakon, in kuma fayyace musu iyakarsu, wato su karanta masa tambaya, amsar tasa ce.

Iyaye sun san abin da babu a fayil, kuma yaron ya fi su sani. Sai dai in ka ce masa "Ka gane?" zai ce e, ko don ka rabu da shi. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce "Daga ina ka daina bi na?", kuma a keɓe ake yin ta. Abin da ya faɗa nakan rubuta a 'yar takarda, tare da wurin zaman da ya fi masa da girman rubutun da yake iya gani, in miƙa wa malamin da zai karɓe shi a shekara mai zuwa.