Batun bincike a harkar jigilar kaya tsakanin ƙasashe

A ganina, ɗalibin da ke neman batun bincike a wannan fanni ya fara duba mashigin Suez. A watan Maris na 2021 jirgin ruwan Ever Given ya toshe mashigin har kwana 6, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. Abin tambaya shi ne ko tsarin da kamfanin Toyota ya shahara da shi, na kawo kayan haɗi daidai lokacin buƙata maimakon tara su a ma'ajiya, yana iya jure irin wannan tsaiko. Ana iya kwatanta masana'antun da suka dogara ga mai kawo musu kaya guda ɗaya da waɗanda suka raba ƙafa. Batun harajin kwastam ma yana nan, sai dai an riga an yi rubutu mai yawa a kansa.