Godiya daga Kosti

Alhamdu lillahi, yau sati uku ke nan da saukarmu garin Kosti a nan Sudan, kuma sai yanzu hankalina ya kwanta har na iya zama in rubuta wannan saƙo. Duk kun san yadda muka baro Wad Madani a watan Disamba na 2023, bayan mun riga mun baro Khartoum tun Afrilu saboda yaƙi, kun kuma san wahalar hanyar Sinnar da Jabal Moya, don haka ba zan maimaita ba.

Daren da muka haye gadar Farin Nilu daga Rabak shi ne ba zai fita daga raina ba. Mun zaga lokanda, wato masaukin baƙi, har huɗu babu ɗaki, makarantun da aka buɗe wa masu gudun hijira sun cika har tsakar fili, kuɗin hayar da ake faɗa kuwa ya fi ƙarfin abin da ya rage a aljihuna. Muka koma bakin tasha na shimfiɗa wa Inna tabarma, sanyin kogi yana ratsa mu, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi fita. Tana cikin nishi ta ce, "Wayyo ƙafata," sai wata mai shayi da ke kashe garwashinta ta ɗago kai ta ce, "Sannu Inna, ashe namu ne. Tashi mu tafi gida."

Na san ba ta son a ambace ta, amma Goggo mai shayin bakin tasha, ki yi haƙuri, sai na faɗa. Kin ba Inna angarib ɗinki, wato gadonki na igiya, kika tura samarinki biyu suka kwana a waje cikin wannan sanyi, kika ɗumama man riɗi kika zauna a ƙasa kina matsa ƙafafun tsohuwar da ba ki taɓa gani ba, kina ba ta labarin kakanki da ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa da niyyar aikin hajji, Allah ya tsayar da shi a bakin wannan ruwa. Allah ya jiƙansa, ya raya miki zuri'a, ya kai ki ɗakin da shi bai samu isa ba, ya shayar da ke daga Alkausara.

Ina gode wa limamin unguwa da ya samo mana ɗaki cikin rahusa, da 'yan'uwanmu na garin Mai Wurno kusa da Sinnar da suka aiko da dawa da busasshiyar kuɓewa. Waɗanda muke ciki ɗaya da su kuwa, masu zaune lafiya a Jidda, wayarmu ba ta canza ba, Inna kuma tana tambayarku kullum bayan magariba.

Za mu ci gaba da zama a nan, tunda daga Kosti hanya a buɗe take zuwa Sinnar da kuma kudu ta Jabalain. Gobe in Allah ya kai mu zan haye Rabak in nemo wa Inna maganin hawan jini, ku sa mu a addu'a.